Ba limamin coci ke mulkin ƙauyukan Ingila ba

Mutane da yawa har yanzu sun ɗauka wai tunda ƙauyukan Ingila an raba su ne bisa gundumar coci, to limamin coci ne ke riƙe da komai kamar hakimi. Wallahi ba haka bane, an daɗe da wuce wannan.

A da kam gaskiya ne, taron coci ke kula da talakawa tun dokar 1601, shi ke ɗaukan nauyin gyaran hanya, amma dokar ƙananan hukumomi ta 1894 ta raba gari, aka kafa majalisar ƙauye da jama'a ke zaɓa (yanzu duk shekara 4), coci kuma ta koma kan harkar ibadarta. Majalisar nan ce yanzu ke kula da wasu maƙabartu, filin wasan yara, rumfar jiran bas da ƙananan gonakin haya, kuma kuɗinta daga harajin gidaje yake fitowa.

Ku duba Laxton a Nottinghamshire, ƙauyen da sunansa ke cikin littafin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila na 1086, har yau manomansa na zagaya gonaki duk Nuwamba suna cin tarar wanda ya ci iyakar wani, kuma kotun gargajiyar manoma ke yanke tarar, ba coci ba.