Satar Fasaha a Tsakanin Masu Rubuta Manhajar Kalkuleta

Satar fasaha a wannan fage ita ce mutum ya ɗauki manhajar da wani ya rubuta domin kalkuleta mai zana jadawali, ko wani yanki nata, ya fitar da ita da sunansa. An fi jin rigimar tsakanin masu amfani da na'urorin kamfanin Texas Instruments na Amurka, waɗanda akasarinsu ɗaliban sakandare ne da na jami'a a Amurka da Turai. Kyauta suke raba aikinsu. Ladan marubuci kawai shi ne sunansa a jikin manhajar, don haka wanda aka goge wa suna an raba shi da komai.

Asali

Harkar ta bunƙasa a tsakiyar shekarun 1990 da fitowar manhajar ZShell, wadda ta ba da damar gudanar da manhajar harshen inji (umarnin da na'ura ke fahimta kai tsaye) a kan kalkuletar TI-85, abin da kamfanin bai tanada ba. A 1996 aka kafa ticalc.org, rumbun da ya tara dubban wasanni da manhajojin lissafi, kowace da sunan mai ita da ranar shigarta. Kafin nan, da ma bayan nan, ɗalibai kan haɗa kalkuleta biyu da waya su tura wa juna manhaja a aji, kuma a wannan yawon sunan mai ita yakan ɓace.

Yadda ake satar

Manhajar da aka rubuta da TI-BASIC, harshen rubuta manhaja da ke zuwa cikin kalkuletar, a buɗe take: duk wanda ya karɓe ta zai iya karanta ta layi-layi. A kan TI-83 Plus akwai kullen hana gyara, amma alama ce kawai a bayanin fayil ɗin, kuma manhajoji irin su MirageOS na cire ta nan take. Sai ɓarawo ya sauya layin da ke nuna sunan marubuci, shi ke nan. Ta harshen inji ta fi wuyar taɓawa, sai dai ita ma sunan yakan zauna a fili cikin fayil ɗin, ana iya musanya shi a kwamfuta.

Wahalar tabbatar da zargi

Nan ne gizo ke saƙar. Na'urar ƙarama ce ƙwarai: TI-83 Plus ta 1999 tana da kimanin kilobayit 24 na wurin aiki da fuska mai ɗigo 96 a kwance, 64 a tsaye. A TI-BASIC ɗinta, ma'ajin lamba na yau da kullum harafi ɗaya ne sunansa, daga A zuwa Z sai θ. Idan mutum biyu suka zauna warware lissafin kwadiratik, kusan tilas su yi amfani da A, B da C, kuma aikinsu ya fito kamar an tsaga kara. Rumbun cike yake da irin waɗannan, ba kuwa duka sata ba ce.

Ga kuma al'adar aro. Gajerun dabarun zana hoto a fuska, kamar waɗanda suka zo da Ion, wata manhajar gudanar da shirye-shiryen harshen inji, kowa na amfani da su, sharaɗin kawai a ambaci mai su a takardar bayanin da ke rakiyar manhajar. Saboda haka masu bincike ba kamanni suke nema ba. Suna duba kuskuren rubutu iri ɗaya, ko layin da ba ya aikin komai amma ya bayyana a wuri guda cikin manhajojin biyu, sannan su gwada ranakun fitarwa. Hujjar kuskure ta fi ƙarfi, domin mutum biyu na iya dacewa a kan daidai, amma da wuya su dace a kan shirme ɗaya.

Wani nau'in rigimar shi ne da'awar aikin da babu shi, inda ake nuna hoton fuskar kalkuleta da aka zana a kwamfuta. Akan nemi mai da'awar ya kawo fayil ɗin a gwada.

Hukunci da iyaka

Ba kasafai maganar ke kaiwa kotu ba. Akan cire manhajar daga rumbu, mai laifin kuma ya rasa yardar jama'a. Ci gaba da aikin wani bisa lasisin da ya halatta hakan ba sata ba ce: GCC4TI ta ɓalle daga TIGCC, kayan aikin rubuta wa kalkuleta manhaja a kwamfuta, a 2009 bayan saɓani tsakanin masu aikin, ba tare da ɓoye asalinta ba. Haka nan wasu daga cikin fitattun wasannin kalkuleta kwaikwayon wasannin Tetris ne ko Mario, waɗanda kamfanoni ke riƙe da haƙƙin mallakarsu, amma 'yan harkar ba sa kiran wannan sata muddin mutum shi ya rubuta manhajar da hannunsa.