Ɗaki Ma Yana Sa Damuwa: Amsoshin Tambayoyinku

Wai da gaske gini na iya tayar wa mutum hankali?

Ƙwarai kuwa. Hayaniya, zafi da cunkoso suna iya sa jiki ya saki kotisol, sinadarin da yake fitarwa idan mutum na cikin damuwa, zuciya ta ƙara bugu, ko ka lura ko ba ka lura ba.

Wane launin fenti ne ya fi kwantar da hankali?

Kullum sai an yi mini wannan tambaya. Ku bar fenti tukuna, ku duba taga.

Taga kuma?

Eh, taga. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa bincike a mujallar Science kan majinyata 46 da aka cire wa madaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu suna hango bishiyoyi daga gado, rabi kuma bangon bulo. Masu hango bishiyoyin sun riga sauran barin asibiti da kusan kwana ɗaya, kuma ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba.

Ɗakina na haya ne, tagarsa ɗaya, kuma tana kallon titi. In buɗe ko in rufe?

To, nan ba a yanke hukunci kai tsaye. Ka rufe, iskar da kake fitarwa ta taru a ɗakin, ka wayi gari kanka ya yi nauyi. Ka buɗe, ƙarar motoci ta dinga katse maka barci, ko da ba ka tuna ka farka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2018 ga yankin Turai, ta ba da shawarar kada ƙarar titi da dare ta wuce desibel 45 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ni dai shawarata, ka buɗe da asuba da kuma kafin ka kwanta, ka matsar da gado zuwa bangon da ya fi nesa da tagar, ka toshe 'yan kafofin da ke gefenta. Labule mai kauri yana tare haske, amma kada ka sa ran zai tare ƙara sosai. Wasu sukan ji daɗin sautin fanka don yana rufe hon ɗin motoci, wasu kuma shi ke hana su barci. Sai ka gwada. Amma in a ɗakin ake girki, don Allah kada ka rufe tagar.

A ofishinmu babu shamaki, kowa na ganin kowa, kullum a gajiye nake tashi. Ko ragwanci ne?

A'a, kwantar da hankalinka. Mutum na bukatar inda zai juya baya ba ido a kansa. Ka nemi kujerar da bango ke bayanta.