Fasahar Dijital a Aikin Jinya

Fasahar dijital a aikin jinya ita ce amfani da kwamfuta, wayar hannu, intanet da manhajoji wajen kula da majinyata da adana bayanansu. Ta haɗa da ajiye tarihin majinyaci a kwamfuta maimakon katin asibiti, da na'urorin da ke auna bugun zuciya da numfashi, da tuntuɓar likita daga nesa, da saƙon waya mai tuna wa mai juna biyu ranar awo. Lamarin ya fi shafar ma'aikatan jinya, domin su ne mafi yawa a harkar lafiya: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta su miliyan 27.9, kusan kashi 59 cikin 100 na ƙwararrun ma'aikatan lafiya. Su ne kuma ke kwana a kan majinyaci, suna rubuta zafin jikinsa, da awon jininsa, da maganin da aka ba shi, da lokacin da aka ba shi.

A Amurka, ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar ta amince da sarrafa bayanan jinya ta kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa a 1992. A cikin shekarun 1990 ne kuma wata nas mai suna Sue Kinnick, a asibitin tsofaffin sojoji da ke Topeka a jihar Kansas, ta kawo dabarar da ta yaɗu a asibitocin ƙasashe da dama. Ta ga yadda kamfanin hayar motoci ke karanta lambar mota da 'yar na'urar hannu, sai ta ce me zai hana a yi wa magani haka. Ana ɗaura wa majinyaci abin hannu mai lamba, maganin ma da tasa lambar. Kafin nas ta ba shi, sai ta haska duka biyun, idan ba su dace ba na'urar ta yi gargaɗi. Dabarar ta karɓu ne saboda daga bakin gadon majinyaci ta fito. Akasin haka aka gani a Ingila, inda gwamnati ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa bayanan asibitocinta a 2002, ta rushe shi a 2011 bayan ya lashe biliyoyin fam. Cikin laifuffukan da aka ɗora masa har da rashin jin ta bakin waɗanda za su yi aiki da shi.

A ƙasashe masu tasowa, manhajar tattara alƙaluman lafiya da ta fi yaɗuwa ita ce DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ginawa, ake kuma amfani da ita a ƙasashe fiye da 70. Najeriya na tattara alƙaluman lafiyarta a kanta. Sai dai a yawancin ƙananan asibitoci aikin na farawa ne da biro: nas ko ungozoma ta cike rajistar awo, ta haihuwa da ta rigakafi, ƙarshen wata ta haɗa jimla a fom, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar a kwamfuta. Afirka ta Kudu ta bi ta wayar hannu, ta buɗe MomConnect a 2014 don aika wa masu juna biyu saƙonni, daga baya ta ƙara NurseConnect don ma'aikatan jinya.

Babban ƙorafin ma'aikata shi ne aiki biyu. Inda wutar lantarki da sabis ba su da tabbas, ba a iya jingine takarda, don haka nas ɗaya mai majinyata cike da ɗaki sai ta rubuta a littafi, ta sake bugawa a kwamfuta. A manyan asibitoci kuwa, yawan kukan na'urori kan sa kunne ya saba, har a yi sakaci da gargaɗi na gaske. Akwai kuma batun sirri. Tura hoton sakamakon gwaji ga likita ta WhatsApp yana da sauri, amma hoton na nan zaune a wayar ma'aikaci bayan ya tashi aiki. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman.