Ribar Kamfani da Haƙƙin Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi kan Ma'aunin ESG

Duk wanda ya buɗe rahoton shekara na wani babban banki ko kamfanin siminti a Nijeriya a 'yan shekarun nan zai tarar da shafuka masu yawa a kan dashen itatuwa, tsaron lafiyar ma'aikata da yawan mata a hukumar daraktoci, kafin ma ya kai ga lissafin riba da asara. Waɗannan shafuka suna ƙarƙashin abin da masu hada-hadar kuɗi ke kira ESG, wato haruffan farko na kalmomin Turanci na muhalli, jama'a da shugabanci. Ga wasu tambayoyi da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da ɗalibai kan yi a kansa a nan Jos.

Mene ne ESG, kuma daga ina ya fito?

Ma'auni ne da masu zuba jari da masu ba da rance ke auna kamfani da shi ta fuska uku, ban da ribar da yake samu: yadda aikinsa ke shafar muhalli, yadda yake mu'amala da ma'aikatansa da al'ummar da yake zaune a cikinta, da kuma yadda ake shugabancinsa. Sunan ya bazu ne daga wani rahoto na 2004 da wasu manyan cibiyoyin kuɗi suka fitar bisa gayyatar Kofi Annan, sakatare janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, sannan a 2006 aka ƙaddamar da ƙa'idojin zuba jari bisa sanin ya kamata a birnin New York. Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, waɗanda duka aka amince da su a 2015, su suka ƙara wa al'amarin ƙarfi.

Me ya haɗa mai neman riba da zancen muhalli?

Mutumin Filato ba ya bukatar a kai shi nesa kafin ya ga amsar. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a wannan tudu, a 1914 aka kawo ƙaramin layin dogo daga Zariya domin kwasarta, kuma garin Jos kansa a kan wannan sana'a ya bunƙasa. Lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya, inda Birtaniya ke samun kuza mai yawa, a 1942, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa tara leburori da ƙarfin tsiya daga lardunan Arewa ana kawo su filin kuza, inda sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka halaka mutane da dama. An ci riba mai yawa, an raba wa masu hannun jari a Landan, har harkar ta fara ja baya, sannan farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985.

Abin da aka bar mana kowa yana ganinsa a kan hanyar Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi: manyan kududdufai masu zurfi, ruwansu shiru, gefensu jan yashi da ya zaizaye, ga tsibin ƙasar da aka tono har ciyawa ba ta son fitowa a kansa. Yara da dabbobi suna faɗawa cikinsu, gonakin da aka tona ba su koma yadda suke ba, masu bincike kuma sun daɗe suna gargaɗi cewa yashin da ya rage bayan an wanke kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururi mai cutarwa, alhali mutane na ɗibarsa suna gini. Gaskiya ne manoman rani sun mayar da wasu kududdufan abin amfani, suna ja da injin ban-ruwa suna noma kabeji da karas da dankalin Turawa, amma wannan dabarar talaka ce, babu kamfanin da ya tsara ta.

To, kuɗin cike waɗannan ramuka da gyaran ƙasar ba su taɓa shiga littafin lissafin kamfanonin da suka haƙa su ba, sai dai an biya su, kuma ana kan biya, da gonaki da rayukan mutanen da ba su ci ko kwabo daga ribar ba. A ganina nan ne zuciyar batun ESG take: a tilasta wa kamfani ya rubuta irin wannan bashi a littafinsa tun yana da kuɗin biya. Mai ba da rance ma don kansa yake tambaya, domin kamfanin da za a iya rufewa ko a ci shi tara ko jama'ar gari su tare masa hanya, kamfani ne da zai iya kasa biyan bashi.

Akwai dokar da ta ɗora wannan a kan kamfanoni a Nijeriya, ko ganin dama ne?

Dokoki kam akwai su. Tun 1992 doka ta wajabta a yi nazarin tasirin babban aiki a kan muhalli kafin a fara shi, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma dokar ma'adinai ta wannan shekarar ta shar'anta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, ya kuma yi tanadin gyaran fili idan ya gama. A 2012, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan Babban Banki, bankuna suka amince da ƙa'idoji 9 na harkar banki mai ɗorewa, tare da ƙarin jagora kan rancen noma, wutar lantarki, da mai da iskar gas. A 2021 aka sa hannu a kan dokar sauyin yanayi, shekarar da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2060. Bayan fitowar ƙa'idojin duniya na bayar da rahoton ɗorewa a 2023, hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa ta tsara cewa manyan kamfanoni za su fara binsu da son ransu, kafin abin ya zama dole a 2028.

Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa. Tun dokar 1979 aka sa 1984 a matsayin ƙarshen ƙona iskar gas a rijiyoyin mai, amma har yau wutar tana ci a yankin Neja Delta.

Ɓangaren jama'a ba shi ne haƙa rijiyar burtsatse da rabon shinkafa da azumi ba?

A'a, kuma wannan kuskure ne da kamfanoni da yawa ke amfana da shi. Kyauta aba ce da kamfani ke yi da ribarsa bayan ya samu, shi kuwa ma'aunin yana tambaya ne ta wace hanya aka samu ribar. Ana biyan albashi a kan kari? Ana tura kuɗin fanshon ma'aikata, kashi 8 cikin 100 na ma'aikaci da kashi 10 na mai aiki, ko ana yanka a riƙe? Leburan da ke fasa dutse yana da takalmi da hular kwano da abin rufe hanci? Mutanen da ake kira ma'aikatan wucin gadi shekara da shekaru fa, wa ke ɗaukar nauyinsu idan inji ya ci hannu? Kamfanin da ya gina aji biyu a ƙauye ya kira 'yan jarida, alhali bai biya diyyar gonakin da ya karɓa ba, ya faɗi wannan jarrabawa.

Tambayar ba ta tsaya a ƙofar kamfani ba, tana bin kayan har inda suka fito. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gidaje. Ba wani babban kamfani ne ya yi haƙar ba, amma zinaren ya shiga kasuwa wani ya saya, shi ya sa yanzu ake tambayar matatu da dillalai asalin abin da suke saye. Haka tambayar za ta hau kan mai sayen kuza daga hannun matasan da ke shiga ramukan loto, wato ramuka masu zurfi da ake haƙa da hannu, a Filato ba tare da wata kariya ba.

Me ya sa ake cewa shugabanci ne ginshiƙin sauran biyun?

Domin duk alkawarin da kamfani ya yi kan muhalli ko ma'aikata, mutane ne a hukumar daraktoci za su cika shi ko su saɓa. Abin da ake dubawa a nan shi ne ko shugaban hukumar daban yake da manajan darakta, ko akwai daraktoci masu zaman kansu da za su iya cewa a'a, ko masu binciken kuɗi na da 'yanci, da kuma ko manya na ba wa kansu da 'yan uwansu rance da kwangila a ɓoye.

Darasin 2009 bai kamata a manta da shi ba. A wannan shekara Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna 8, ya zuba kimanin naira biliyan 620 domin kada su durƙushe da ajiyar jama'a, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON don ta saye munanan basussukan. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai rancen da aka ba wa na ciki ba tare da jingina mai kyau ba da kuma kuɗin da aka zuba a cacar hannun jari. Ƙananan masu hannun jari, ciki har da 'yan fansho da suka sayi hannayen lokacin da kasuwa ke tashe, su suka kwana ciki. Kundin ƙa'idojin shugabancin kamfanoni na 2018 ya zo ne don toshe irin waɗannan kafofi, ko da yake a kamfanin da mutum ɗaya ke da rinjayen hannun jari, darakta mai zaman kansa sau da yawa abokin maigida ne da aka ba kujera.

Ina ruwan mai sayar da tumatir a Farin Gada ko dillalin hatsi a Katako da wannan?

Babu wanda zai nemi ya rubuta rahoto, amma abin yana iso shi ta hannun mai saye da ta hannun banki. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda wasu ke zubawa a buhu don kada wake ya yi ƙwari a sito. Laifin wasu ne, amma ƙofar kasuwar a kan kowa aka rufe ta. Dokar Turai ta 2023 kan sare dazuzzuka ma ta tanadi cewa mai kai koko ko roba ko manja sai ya nuna gonar da suka fito ba dajin da aka sare bayan ƙarshen 2020 ba ce. Shi kuma mai ƙaramar masana'anta da ya je neman rance, musamman idan kuɗin daga bankunan raya ƙasa na waje suka fito, zai iya tarar da fom da ke tambayar inda yake zubar da dattin ruwansa da ko yana sa yara aiki.

Mene ne takardun lamuni na muhalli, kuma suna da alaƙa da sukuk?

Takardun bashi ne da gwamnati ko kamfani ke sayarwa da sharaɗin cewa kuɗin ba za su tafi ko'ina ba sai ayyukan da aka ayyana, kamar wutar sola ko dashen itatuwa. Nijeriya ce gwamnati ta farko a Afirka da ta fitar da irinsu, a Disambar 2017, na naira biliyan 10.69, ta ƙara na biliyan 15 a 2019. Suna biyan kuɗin ruwa kamar sauran takardun lamuni, don haka wanda ke guje wa riba ta ruwa ba zai same su halal ba saboda sunan muhalli kawai. Sukuk kuwa, wato takardar zuba jari irin ta tsarin Musulunci, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, an gina shi ne a kan kadara da haya. Ana iya haɗa biyun, kamar yadda Indunusiya ta yi a 2018.

Ta yaya mai karatu zai gane rahoton gaskiya daga na ado?

Sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 wata manhaja da ke rage hayaƙi lokacin gwaji kawai, alhali yana tallar su a matsayin masu tsabta. Don haka a bar hotunan yara masu murmushi, a nemi alƙaluma: lita nawa na dizal aka ƙona bana idan aka kwatanta da bara, ma'aikata nawa suka ji rauni ko suka rasu, nawa aka biya tara, nawa aka ba daraktoci rance. A duba ko wani mai bincike na waje ya tantance alƙaluman, a kuma duba ko rahoton ya ambaci wani abu da bai yi daɗi ba, domin kamfanin da ke da dubban ma'aikata da manyan injuna amma ya shekara ba ko ƙwarzane a rahotonsa, akwai abin da bai faɗa ba. Makin da kamfanonin auna ESG ke bayarwa ma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, tunda kamfani ɗaya kan sami maki mai kyau a wurin wannan, ya sami mara kyau a wurin wancan.

Ba dabarar ƙasashe masu arziki ba ce ta hana Afirka amfani da man fetur da iskar gas ɗinta?

Wannan ƙorafi yana da tushe. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, miliyoyin 'yan Nijeriya ba su da wutar lantarki, mata na girki da itace da gawayi, sai ga bankunan ƙasashen da suka yi arziki da kwal suna ɗari-ɗari da ba da rancen aikin gas. A Amurka kanta an juya wa ESG baya a wasu jihohi irin su Texas, manyan bankunan Amurka kuma sun fice daga ƙawancen bankuna na rage hayaƙi tsakanin ƙarshen 2024 da farkon 2025. Nijeriya na da hujjar dagewa cewa gas zai zama makamashinta na wucin gadi.

Sai dai wannan gardama ta shafi kashi ɗaya ne na batun, wato hayaƙi. Ba ta shafi malalar mai a ƙasar Ogoni ba, wadda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaranta zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ba ta kuma shafi fanshon da aka yanka ba a tura ba, ko rancen da darakta ya ba wa kansa. Yanzu da ake rububin neman lithium, ma'adinin da ake yin batir da shi, a Nasarawa da Kaduna da sauran jihohin da ke kewaye da mu, tambayoyin da ya kamata sarakuna da gwamnatocin jihohi da bankunan da ke ba da kuɗin su yi kafin a sa hannu su ne nawa aka ware don gyaran fili, a wane asusu aka ajiye shi, kuma wa ke da ikon taɓa shi idan kamfanin ya tattara ya tafi.