Mene ne DMSO, kuma me ya haɗa shi da ƙwaƙwalwa?

A ɗakin da ake yi wa mutum dashen ɓargo, wani lokaci sai ka ji warin tafarnuwa ya gauraye ko'ina, alhali babu wanda ya ci. Daga numfashin majiyyacin yake fitowa, kuma aikin wani sinadari ne da likitoci ke kira DMSO, wato dimethyl sulfoxide.

Ga yadda ya shigo cikin maganar. Ƙwayoyin da ke haifar da jini, waɗanda ake dasawa, sau da yawa sai an adana su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. To ƙwayar halitta cike take da ruwa, idan ruwan ya zama ƙanƙara sai ya yayyaga ta, kamar kwalbar lemo da aka manta a firiza. DMSO shi ke kutsawa cikin ƙwayar ya hana wannan ɓarna. Tun 1959 wasu masana kimiyya biyu, Lovelock da Bishop, suka gano yana da wannan baiwa, kuma galibi kashi 10 cikin 100 ake sakawa a ruwan da ake adana ƙwayoyin.

Matsalar ita ce, da an saka jakar da aka adana ƙwayoyin a ruwan ɗumi sun narke, an ɗura wa majiyyaci, ƙwayoyin da sinadarin tare suke bin jijiya. Yawancin mutane tashin zuciya, amai ko ciwon kai kawai suke samu, ya wuce. Amma jefi-jefi yakan taɓa ƙwaƙwalwa: majiyyaci ya rikice, ya kama jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ya suma. Akwai wanda zai yi sa'o'i yana maimaita tambaya ɗaya, bai san an ba shi amsa ba, daga baya hankalinsa ya dawo. Har shanyewar ɓarin jiki an taɓa gani. Ba komai ne za a ɗora wa DMSO ba dai, don mai wannan jinya ya riga ya sha magungunan cutar daji masu ƙarfi.

Shi ya sa ake kiyaye kada a wuce giram 1 na DMSO a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Idan jakunkunan da yawa, a raba su kwana biyu, ko a wanke ƙwayoyin, ko a sauko zuwa kashi 5.

Masu sikila kuwa, da akasari ɗan'uwa ke ba su ɓargo, sau da yawa ɗanyensa ake saka musu ba tare da daskarwa ba, don haka ba sa haɗuwa da DMSO a cikinsa.