Zafin rana da irin GMO: tambayoyin wani manomi a Jos

Wani manomin dankali ne ya tare ni a kasuwar Farin Gada da waɗannan tambayoyi, bayan ya ji ana ta cece-kuce kan irin da aka dasa wa ƙwayar halitta, wato GMO.

Malam, zafi yana goge ƙwayar halittar da aka dasa wa iri?

A'a, tana nan daram. Aikinta ne ke raguwa. Ƙwayar halitta umarni ce da tsiro ke bi ya haɗa furotin. Idan rana ta ƙwalle, tsiro yakan koma neman ceton ransa: ya duƙufa haɗa furotin ɗin HSP, masu hana sauran furotin lalacewa, ya yi wa sauran ayyuka riƙon sakainar kashi.

An taɓa ganin haka a gona?

Ƙwarai. A 1990, masana a birnin Kolon na Jamus sun shuka furen fetuniya kimanin 30,000 da aka saka wa ƙwayar halittar masara don ya yi ja. Da aka yi kwanaki ana zafi mai tsanani, furanni da yawa suka koɗe, wasu ma suka fito fari fat. Ashe wasu ƙananan sinadarai ne suka manne wa makunnin ƙwayar, suka rufe mata baki.

Audugar Bt, wadda aka dasa wa ƙwayar halittar da ke kashe tsutsa, ita ma haka take. Bincike a ƙasar Sin ya nuna tsananin zafi yana rage furotin ɗin da ke kashe tsutsa a ganyenta. Shi ya sa nake ganin wajibi ne mai shuka waken SAMPEA 20-T, shi ma irin Bt ne wanda cibiyar binciken noma ta IAR Samaru ta fitar a 2019 don maganin tsutsar maruka, ya riƙa zagaya gonarsa, kada ya miƙe ƙafa.

To mu da ke cikin sanyin Filato, ina ruwanmu?

Ai sanyin ne jarinku. Dankalin Turawa yana da ƙwayar SP6A mai ba shi umarnin yin 'ya'ya a ƙasa, kuma zafi yana danne ta. Shi ya sa yake albarka a Bokkos da Mangu, amma a kai shi Gwagwalada sai ganye ya yi ta tashi, ƙasa kuwa wayam. A 2019 masana a Jamus sun samar da dankalin da SP6A ɗinsa ba ta yin shiru a zafi, ya kuma yi 'ya'ya.

Wa ke sa ido a nan?

Hukumar NBMA da ke Abuja, mai kula da harkar GMO a Najeriya, wadda aka kafa a 2015, ita ke ba da izinin gwaji kafin iri ya isa hannunka.