Kafin ka yarda da "bincike ya nuna", tambayi su wa aka tambaya

Kusan kullum sai an ce mana "bincike ya nuna". Bincike ya nuna kashi kaza na yara ba su kammala rigakafi ba. Bincike ya nuna ganye kaza yana maganin hawan jini. Wasu sukan haɗiye maganar ɗungurungum, wasu kuma su ce, "Ni dai ba wanda ya zo ya tambaye ni, saboda haka ƙarya ce." Mu da aikinmu ya haɗa da bi gida-gida da takardar tambayoyi, masu magana ta biyun muka fi cin karo da su, don haka bari in fara da su.

Idan likita yana son ya san ko kana da ƙarancin jini, ba ya zuƙe jinin jikinka duka. Ɗan abin da ya shiga sirinji ya ishe shi, domin zuciya ta riga ta gauraya jinin, na hannu da na ƙafa duk ɗaya ne. Haka masu bincike suke yi: su ɗebi mutane kaɗan, wato samfuri, su gane halin da jama'a duka suke ciki. Mutum 1,000 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a sukan ba da amsar da kuskurenta bai cika wuce kashi 3 cikin 100 ba, sama ko ƙasa, ko mutanen ƙasar miliyan 5 ne ko miliyan 200. Sai dai fa mutane ba a gauraye suke kamar jini ba. Masu hali suna gefe guda, marasa hali suna wani gefen, na kusa da asibiti daban, na nesa daban. A wurin zaɓen ne ake gyarawa ko a ɓata, kuma yawan mutane ba ya gyara ɓarnar.

A shekarar 1936 wata mujalla a Amurka, Literary Digest, ta so ta faɗi wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Ta aika takardu kimanin miliyan 10, aka dawo mata da sama da miliyan 2. Ta ce Alf Landon zai lashe da kashi 57. Da aka yi zaɓe sai Franklin Roosevelt, shugaban da ke kan mulki a lokacin, ya sami kusan kashi 61, ya cinye jihohi 46 cikin 48. Ina aka yi kuskure? Sunayen da mujallar ta yi amfani da su daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso yawancinsu, a zamanin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, tarho da mota sai mai abin hannu. Sannan cikin waɗanda aka aika wa, waɗanda suka damu su mayar da amsa sun fi zama masu haushin gwamnati. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutanen da ba su wuce 50,000 ba, ya faɗi daidai wanda zai ci. Ba a yi shekara biyu ba mujallar ta rufe.

Irin wannan tarkon yana nan a aikin lafiya. A ce ka tsaya a ƙofar asibiti ranar rigakafi, kana tambayar iyaye mata ko 'ya'yansu sun sami allura. Kusan kowacce za ta ce eh, ka koma ofis da murna ka rubuta kashi 95. Uwar da ke nesa, wadda ba ta taɓa taka asibitin ba, ba ta cikin lissafinka, alhali saboda ɗanta aka shirya binciken. Haka tambayar da ake yi ta waya ko ta intanet: mai waya da data kawai take kamawa, cikin su ma sai wanda ya ga dama ya amsa. Ni in na ga an ce "mutum dubu hamsin sun kaɗa ƙuri'a a shafinmu", lambar ba ta burge ni ko kaɗan.

Wannan ne dalilin da za ka ga ma'aikata sun shiga gidan maƙwabcinka sun tsallake naka. Ba raini ba ne, kuma ba wani rabo ake yi a ɓoye ba. A shekarun baya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da tsarin da ake zaɓen unguwanni ko ƙauyuka 30, a duba yara 7 a kowanne, jimla 210. A da, ma'aikaci yakan tsaya a tsakiyar gari ya juya kwalba ko biro a ƙasa, inda bakin ya nuna nan zai bi. Aka lura hakan yana fifita gidajen tsakiya, na bakin gari su sha ƙasa, sai aka koma rubuta jerin gidaje tukuna, sannan ƙuri'a ta fitar da waɗanda za a shiga. Ma'aikaci ba shi da ikon cewa "wancan gidan da nisa, bari in shiga wannan." In ya tarar da ƙofa a rufe, ƙa'ida ita ce ya sake dawowa, domin masu wuni a wurin nema rayuwarsu ta bambanta da ta masu wuni a gida. Duk gidan da aka zaɓa, a madadin gidaje masu yawa yake magana, shi ya sa ƙin amsawa yake yi mana illa fiye da yadda ake zato.

To, ko an zaɓi gida daidai, amsa tana iya karkacewa. Mutum yakan faɗi abin da yake ganin za a yaba masa. Ka tambayi uwa, "Ai kina wanke hannu da sabulu kafin ki ba yaro abinci, ko?" Wa za ta ce a'a? Tambayar ta riga ta sa mata amsa a baki. Ma'aikacin da ya san aikinsa cewa zai yi, "Yaushe da yaushe kike wanke hannu?" sannan ya nemi a nuna masa wurin wankin. Ga kuma mantuwa: allura uku aka yi wa yaro ko biyu, a wata na nawa? Don haka muke cewa a ɗauko katin rigakafi. 'Yan uwa, ba jarrabawa muke yi muku ba. In yaro bai sami allura ba, ku faɗa. Inda lissafi ya nuna giɓi, can ake tura magani da ma'aikata.

Maganar gwajin magani ta fi wannan sarƙaƙiya. Wani zai ce ya sha abu kaza, bayan kwana biyar mura ta tafi. Mura ai takan tafi da kanta cikin mako guda ko makamancin haka. Tambayar da za a yi ita ce: da bai sha ba fa? Ba a samun amsarta sai an raba marasa lafiya gida biyu, a ba wasu, a hana wasu, a kwatanta. Kuma ƙuri'a ce za ta raba su, domin likita ma ɗan Adam ne, zai iya tura masu ƙarfi-ƙarfi ɓangaren sabon magani ba tare da ya lura ba. A gwajin maganin tarin fuka na streptomycin da aka buga sakamakonsa a Birtaniya a 1948, sai an karɓi mara lafiya tukuna ake buɗe ambulan da ke ɗauke da ɓangaren da zai shiga.

Gwajin rigakafin shan-inna na Jonas Salk, masanin Amurka da ya haɗa shi, a 1954 ya fi nuna dalilin wannan wahala. A wani sashe na gwajin, yara kimanin 200,000 sun sami allurar gaske, wasu kimanin 200,000 suka sami allurar da babu rigakafi a cikinta. Iyaye ba su san wacce aka yi wa ɗansu ba, likitocin da ke duba yaran ma ba su sani ba, don kada sanin ya shafi hukuncinsu in yaro ya zo da zazzaɓi da ciwon ƙafa. A watan Afrilun 1955 aka bayyana sakamako: yara 33 cutar ta shanye wa gaɓa cikin masu allurar gaske, 115 cikin ɗaya ɓangaren.

Akwai rukuni na uku da ba a cika ambata ba: yaran da iyayensu suka ƙi shiga gwajin. Su ma ba su da rigakafi, amma cutar ta kama su ƙasa da yadda ta kama masu allurar da ba komai a cikinta. Bayanin da masana suka bayar shi ne, iyayen da suka amince sun fi zama masu hali da ilimi, 'ya'yansu sun tashi a wuri mai tsafta, ba su haɗu da ƙwayar cutar tun suna jarirai ba, lokacin da garkuwar da suka samu daga uwa take kare su. Da a ce an ɗauki hanya mai sauƙi, an kwatanta yaran da aka yi wa allura da waɗanda iyayensu suka ƙi, da rigakafin ya fito da rauni fiye da yadda yake a gaskiya.

A yau ba a sa kowa cikin gwaji sai an yi masa bayani ya amince, kuma yana da damar ficewa duk ranar da ya so ba tare da an hana shi kulawa ba. Inda kuma akwai maganin da aka riga aka tabbatar yana aiki, yawanci da shi ake kwatanta sabon, ba a barin mara lafiya haka nan.